Bira a bakin ruwan Abhur

Wata biyar ke nan da rasuwar maigidana, har yau ina kuka, kuma ba na ɓoyewa. 'Yata ce ke rubuta wannan ni ina faɗa, don ban yi karatu ba. Na ce mata mu fara da ranar da ya kai ni cin kifi a Abhur.

Lokacin ban cika shekara a Jidda ba. Shi haifaffen nan ne, kakansa ya zo Hajji a ƙafa bai koma ba. Ni kuwa daga gida aka kawo ni, Larabcina bai wuce na salla ba. Muna zaune a Madain Fahd, yana tuƙa tankar ruwa.

In ya dawo aiki yakan buɗe firij ya ɗauko wata koriyar kwalba. Ya zuba a kofi, kumfa ya taso. Na san irin kwalbar, na sha ganinta a wani otal kusa da tashar garinmu, inda mahaifina ke tsallake titi don kada ya bi ta ƙofar. Rannan na ji ya ce wa abokinsa, "A sa maka bira?" A gida biya ake cewa. Na ce shi ke nan, mashayi aka aura mini, kuma ko ɓoyewa ba ya yi. Akwai rubutu a jikin kwalbar, nakan juya ta in kalla, ban san me ta ce ba.

Wata uku ban yi masa maganar ba. Na ware kofinsa, ina wanke shi daban. A ƙarshe na ɗaure kayana, na shirya da wata 'yar garinmu da ta zo umra, ran Asabar zan bi ta mu koma.

Ran Alhamis bayan la'asar ya ce, "Yalla amarya, sa abaya. Kin rame, yau kifi za ki ci."

Abhur wuri ne da teku ta kutso cikin ƙasa ta miƙe siririya. Da na hango na ce, "Ashe kuna da kogi!" Ya ce in ɗanɗana in ji gishiri. Gidan abincin a bakin ruwa yake, fili ne mai bishiyoyi, an shimfiɗa darduma da matasai, an raba kowane iyali da shingen katako. Iska na kaɗawa, jiragen ruwa ƙanana na wucewa. Shi ya je ya zaɓi kifin da kansa, aka soya, aka kawo da jar shinkafa da miyar tsamiya. Na ci loma biyu, hawaye na neman zubowa, don na san jibi ba na nan.

Sai ya ɗaga hannu ya ce wa mai kawo abinci, "Itnen bira." Biyu. Har da ni.

Aka dire kwalbar a gabana. Ban san lokacin da na buɗe baki ba, na ce, "Malam, ka ji tsoron Allah. Kai ka sha taka, ni kada ka sa ni a wuta."

Ya tsaya da loma a hannu. "Esh? Wace wuta?"

"Giya! Kusa da ɗakin Allah, a bainar jama'a!"

Ya dubi kwalbar, ya dube ni, ya fashe da dariya har ya ƙware. "Ke baƙauya, ruwan sha'ir ne! Ga shi an rubuta, babu maye."

"Ni na ga rubutu? Ko me ka ce an rubuta ai shi ke nan."

Dariyar ta tsaya. Ya ce in leƙa shingen da ke kusa da mu. Wata tsohuwa Balarabiya ce zaune da 'ya'yanta, carbi a hannu ɗaya, irin kwalbar a ɗayan. Ya yi sallama daga nesa ya faɗa musu abin da na ce. Tsohuwar ta jawo ni ta zaunar, tana ta "ya binti, halal, halal," tana nuna kwiɓinta, wai don ƙoda take sha. Ta miƙo mini. Na kurɓa, ɗaci kamar sabara.

Na dawo na ce, "Ko halal ne ba na so."

Bai yi dariya ba. Ya ce, "Tun yaushe?"

"Wata uku."

"Wata uku kina kallona mashayi, kina dafa mini tuwo?"

Na faɗa masa maganar kofi, na faɗa masa maganar Asabar. Na ɗauka zai ce in tafi ɗin. Sai ya cire ƙaya daga tsokar kifi ya tura gabana, ya ce, "Halas, ya wuce. Laifina ne, na kawo ki garin da komai a rubuce yake, na bar ki. Daga yau duk takardar da ta shige miki duhu ki kawo mini. Wallahi abin da ke ciki zan karanta, ko zai ɓata miki rai."

Asabar ta zo, na raka 'yar garinmu da tsarabar dabino, na dawo ɗakina.

Ya cika alkawari fiye da shekara arba'in. Takardar iƙama ta izinin zama, kwalin magani, wasiƙar da ta kawo rasuwar mahaifiyata, duk shi ya karanta mini. Na gode wa Allah da ya buɗe bakina ranar nan kafin Asabar.

Bara yaranmu suka dawo da shi daga asibiti suna ce mini gajiya ce kawai. Ya kore su daga ɗakin, ya sa tabarau, ya ce, "Hajiya, zauna." Ya karanta mini takardar likita tun daga sama har ƙasa, yana fassarawa da Hausa, bai tsallake ko layi ɗaya ba. Ciwon ba na warkewa ba ne. Shi ya sa na sami wata bakwai ina zaune kusa da shi, na san abin da nake yi. Allah ya jiƙansa, ya haskaka kabarinsa.