Rakiyar Yaya Hadiza Tsintar Tsingaro a Kalmalo

Illela, Asabar, biyar da rabi na asuba

Zakaran gidanmu bai gama shawarar yin cara ba muka fito, ni da Yaya Hadiza. Shekara huɗu ta yi a jami'a tana karanta falsafa, ta dawo in ka ce ta miƙo gishiri sai ta tambaye ka mene ne gishiri. Yanzu digiri na biyu take yi, wai ilimin tono kayan mutanen da. A zaure Baba ya ja ni gefe: "Bi ta ki gano min mi taka yi. In shirme na, ta aje karatun ga ta kama tsaron shagona." Na zama 'yar leƙen asiri, ban san me zan leƙa ba.

Babur biyu muka hau. A shingen bakin gari jami'i ya buɗe jakar Yaya, ya ga cokalin magini, buroshi da ledoji kamar dubu. "Malama, gini za ki yi ko wanke haƙora?" Yaya ta soma bayani. Bayan minti goma ya ce, "Don Allah ku wuce."

Kalmalo, bakwai saura kwata

Gidan Inna Tumba, ƙanwar kakarmu, muka sauka. Ta ɗura mana fura har na daina ganin ƙafafuna. Daga nan muka hau wani tudu kusa da tafki, Yaya ta duƙa tana tsintar tsingaro, wato fasassun tukwane. Kowanne da ledarsa, da rubutun inda aka same shi.

"Yaya, daga falsafa sai shara?"

"Da ina tambayar yadda ya kamata mutum ya rayu, Nana. Yanzu ina duba yadda ya rayu."

Na gyaɗa kai, ban gane komai ba. Na dai soke guda ɗaya a aljihu, shaidar da zan kai wa Baba.

Bayan azahar muka koma gidan Inna muka ɗan kishingiɗa. Muna tashi muka tarar Inna ta juye tsingaron duka a kwatami, ta wanke ledojin tas ta shanya, ta ajiye wa Yaya sabon tulu. "Ɗiyar Alhaji guda da fasassun tukwane? Mi mutane ka cewa?" Yaya ta zauna a kan turmi, ta kasa ko tambaya ɗaya. Ban taɓa ganin haka ba.

Illela, bayan magariba

"Mi kinka gani?" in ji Baba.

Na dubi jajayen idanun Yaya, na ajiye tsingarona a tabarma. Ni kaina ban san ko ƙara na kawo ko ceto ba.

Baba ya juya shi, ya shafa zanen da babban yatsa. "Wanga ba ginin nan ba na. Irin tulun kakata na, daga ƙetare aka kawo su bisa jakkai."

Yaya ta matso. Wane gari? Ta wace hanya? Su wa ke kawowa? Baba ya gyara zama, har tuwonsa ya huce yana zana hanya da yatsa.

"Asabar mai zuwa ni ka kai ki," ya ce wa Yaya.

"To, shagon fa?" na tambaya.

Sai ya dube ni.

Alhamdu lillahi mun dawo lafiya, Inna Tumba kuma mun gode da tulu. Tun Litinin ni ce a shago in an tashi makaranta, kuma har yau ban gane laifin da na yi ba.