Sandar da Surukina Ya Zaɓa

Shekara ta biyu ta fari, hatsinmu ya ƙone tun bai kai gwiwa ba. Lokacin ina sabon ango a wani ƙauye na ƙasar Hamdara, ban san wata sana'a ba sai noma. Abincinmu ya koma jar dawar da kamiyo, babbar motar kaya, ke kawowa daga Damagaram, ita ma ba kullum ba.

Uban matata tsoho ne da yana ta rufe wa idanu, ba ya ganin komai sai inuwa. An ce da ƙuruciyarsa ya yi su a tafkin Cadi, amma ban taɓa jin zancen daga bakinsa ba. Tsakaninmu sai gaisuwa, in durƙusa daga nesa, in tashi. Wata safiya ya aika a kira ni.

"Ɗana, ka iya kamun kifi?"

"A'a, Baba."

"To, ga ƙafa gare ka, ga ido. Je ka daji ka saro mini sanduna, kowace ta fi ka tsawo."

Na yini ina yawo. Itatuwa duk sun zubar da ganye, makiyaya sun sassare rassan da suka saura. Da la'asar na zube masa sanda goma sha ɗaya a bakin tabarma: magarya, geza, aduwa, da wasu. Ina ji da wata miƙaƙƙiya mai kauri, ita na ɗora a sama. Yana shafa ta ya ajiye gefe.

"Wannan ta korar jaki ce."

Haka ya bi su ɗaya bayan ɗaya. Sai ya riƙe gindin, ya kaɗa sau ɗaya, ya yi shiru kamar mai sauraren magana daga bayan danga. Wata ya ce ta bushe tun tana jikin uwarta, za ta karye. Wata ya ce rawarta ba ta tsayawa. A kan wata siririyar geza mai ɗan lanƙwasa ya daɗe. Ya ce in kama bakinta in taɓa da farce kaɗai. Na taɓa.

"Sau uku ka taɓa," in ji shi. Haka ne kuwa.

Ya gasa ta sama-sama a wuta, ya miƙar da ita a gwiwarsa. Ƙugiya kuwa daga wayar ƙafar keke ya lanƙwasa ta, ya wasa a dutse, duk da lalube. Zare muka warware daga buhun dawar nan, matata ta murza shi riɓi uku. Ya sa aka kawo gwangwanin madara, ya naɗe ragowar zaren a jiki, ya nuna mini yadda zan saki idan babban kifi ya ja, in kuma naɗo shi a hankali.

Muka kama hanyar Gidimuni a ƙasa, hannunsa a kafaɗata. Kwana biyu muna tafe cikin mushen shanu. Da muka hau wani tudun rairayi, sai na tsaya cak. Ruwa ne kwance a ƙasa, shuɗi, dabino da giginya sun kewaye shi, fararen tsuntsaye na sauka suna tashi. Na daɗe ban ga kore ba. Ban san na yi salati da ƙarfi ba sai da ya matse kafaɗata.

"Ruwan ya ja baya ƙwarai," ya ce. "Ina jin warin laka."

Mutanen wurin suka nuna mana inda za mu zauna. Na haƙo tana, na ɗaura guntun kara a zaren don in ga motsi. Sau biyar ina fizga, ƙugiya na fitowa fayau. Ya miƙo hannu na ba shi. Ya cire karan ya yar, ya jefa zaren, ya ɗora yatsa ɗaya a kan sandar.

"Karfasa ce, ƙarama. Bari ta ci ta tafi."

Ni ban ga komai a ruwan ba. Can ya gyara zama.

"Ga tarwaɗa. Tana shinshina... ta ɗauka."

Sandar ta lanƙwashe har bakinta ya taɓa ruwa, na ce yanzu za ta karye. Gwangwani na juyawa a hannunsa na hagu, yana saki yana naɗewa, fuskarsa na kallon sama, yana murmushin da ban taɓa gani gare shi ba. Da ta iso gaɓa na shiga laka na rungumo ta. Tsawonta ya kai hannuna tun daga kafaɗa. Na tambaye shi yadda ya sani.

"Kowane da irin cinsa. Zauna, riƙe nan. Rufe idonka."

Kwana uku ban ji komai ba sai iska. A na huɗu wani abu ya taɓa tafin hannuna, ƙanƙani, kamar bugun jijiya. Na ce, "Baba, karfasa." Ya ce in ja. Ita ce.

Kwana tara muka yi muna kamawa, muna tsagawa, muna shanyawa a rana. Muka dawo da buhu har wuya. Mahaifiyata, wadda tun da take ba ta taɓa sa kifi a baki ba saboda ƙarni, ta zauna bakin murhu tana kallon matata na daka shi cikin miyar kuka. Da aka zuba mata, ta cinye, ta miƙo ƙwaryar a ƙara.