Man da Ya Rage a Gangar Yaya

Yayana direban boksi ne, irin akori-kurar nan da ke jigilar mutane da kaya tsakanin ƙauyenmu na yankin Jazira da kasuwar Hasahisa. Motar ta sha duniya. Tankinta ya yi tsatsa har ya huje, allurar mai kuwa tun ina budurwa ta kwanta ba ta sake motsi ba. Sai ya ɗaure wata ganga a bayan kan motar, ya ja tiyo zuwa inji, ya fere sandar darbejiya ya yi mata tsaga-tsaga. Da ita yake auna banzin, wato fetur. Ya tsoma, ya zaro, ya ƙura mata ido kamar mai duban ƙasa.

Shekarun da banzin ya yi wuya, direbobi na wuni a layi su dawo hannu rabbana, sai Yaya ya shiga abin da yake kira tajriba, wato gwaji. A lokacin aurena ya mutu, na dawo gida da 'ya'yana, ina kai busasshiyar kuɓewa kasuwa. Ni ke zama a gaba kusa da shi, don haka ni na sha wahalar tajribar nan.

Hanya ɗaya yake bi kullum, gefen babbar tur'a, wato magudanar ruwan da ke shayar da gonaki, kuma abu ɗaya tak yake canzawa a kowace tafiya. Yau ya cika wa tayoyi iska, gobe ya rage, ya ga bambanci. Jibi ya kakkaɓe matatar iska, wadda ƙura da gashin auduga suka toshe. Ya canza fulogi. Ya daina dumama inji da safe, ya ce wannan al'adar shan mai ce kawai. Ko gaisawa zai tsaya yi da mutum, sai ya kashe motar. Wani ya ba shi shawara ya jefa ƙwayar kafur a cikin mai, ya jefa, sanda ta ce ƙarya ne, mu kuwa muka wuni muna wari kamar akwatin amarya. Wani ya ce ya riƙa cire giya a gangare. Na ce, "Kai Yaya, gangare a Jazira? Ƙasar da ke shimfiɗe kamar faifai?"

Abin da ya fi ƙona mini rai shi ne tafiyar hawainiya. Ya gano ƙafar direba ta fi komai shan mai, sai ya daina taka totur da ƙarfi, ya daina birki kwatsam. Wallahi akwai ranar da mai amalanken jaki ya jera da mu yana mana sannu.

"Yaya, ka taka mana! Kasuwa za ta watse!"

"Ƙanwata, sauri ya haifi nawa. Bari sanda ta yi magana."

Sanda kuwa ta yi magana, don man da a da yake ƙarewa kafin Juma'a ya koma kai shi har wata Lahadin.

Babanmu manomi ne, yana da hawasha, gonar da hukumar ruwa ke yanka wa mutum, yana noma auduga da dawa. Yaya ɗan farinsa ne, kuma Baba mutumin da ne, kunyar ɗan fari ta kama shi har wuya. Bai taɓa kiran sunansa ba, bai taɓa cin abinci kwano ɗaya da shi ba. In yana son faɗa masa abu, sai ya ce wa Inna, "Ki gaya wa mai motar nan." Amma na sha kama shi zaune a bayan zana da carbi, ya kasa kunne yana jin Yaya na ba mu labarin tajribar ranar. Da safe kuma, kafin Yaya ya fito, sai a tarar an goge gilashin mota. Kowa ya san mai gogewa, ba wanda ya taɓa faɗa.

Ranar da Yaya ya gwada nauyi, ya cika boksi da buhunan dawa ya je ya dawo. Da la'asar ya shigo tsakar gida yana ɗaga sanda yana cewa, "Nauyi! Ashe nauyi ke shan mai!" Baba na bayan zana. Sauran maganar a cikin mota Yaya ya ƙarasa mini ita washegari: in kaya sun yi yawa sosai ne ake gani, buhu ɗaya kam ko faɗin farce ba ya ragewa a sanda. Ni kaɗai na ji wannan rabin.

Sannan yaƙi ya iso Jazira. Ba zan ba da labarinsa ba, wanda ya gani ya sani. Da hantsin wata rana muka fara jin rugugi daga wajen Hasahisa, mutane na ta wucewa ta bakin tur'a da kaya a ka. Muna da gwaggo a wani ƙauyen Hausawa kusa da Damazin, can muka yanke shawarar nufa. Banzin kuwa babu inda za a ƙara, sai abin da Yaya ya ɗiɗɗiga ya tara a ganga.

Ya tsoma sanda, ya daɗe yana kallonta. Ya ce, "Zai kai in Allah ya so, amma da ƙyar." Ya shiga sauke duk abin da za a iya bari: keken ɗinkin matarsa, katifu, turmi, har ƙarafan da ya kewaye bayan motar da su. Aka loda mata da yara da maƙwabta biyu tsofaffi. Aka sa Inna a gaba saboda ƙafarta da ta kumbura. Baba na tsaye yana kallon kayan da ake zubarwa, can sai ya ja buzunsa ya zauna a gindin darbejiya.

Ya ce wa Inna, "Ki gaya wa mai motar nan ya tafi. Ina biye."

Na diro daga mota. "Baba, biye da me? Ka taso don Allah!"

Yaya ya zo ya tsuguna daga nesa, kansa a ƙasa, ya ce, "A gaya wa Baba akwai wuri."

"Wuri akwai, mai ne babu," in ji Baba. "Na ji da kunnena, nauyi ke shan shi."

Na juya wajen Yaya. Na ce, "Yaya, faɗa masa! Faɗa masa abin da ka faɗa mini!" Yaya ya buɗe baki ya ce, "Baba, ai mutum ɗaya..." Sai Baba ya ɗaga masa hannu. A ranar na fara ganin ya dubi fuskar Yaya kai tsaye. Ya ce, "Ubana da ƙafa ya taso daga yamma zai je Makka, ya keto ƙasashe har nan. Damazin ce za ta gagare ni? Ka kai su."

A gidanmu in uba ya ɗaga hannu, magana ta ƙare. Ni na ƙarasa maganar da kaina, ina kuka ina rantsuwa, amma Baba ya ɗauka lallashi ne irin na 'ya mace. Rugugin ya matso. Inna ta share fuska da gefen mayafi ta ce, "Ku shiga mu tafi, na san shi."

Yaya ya tuƙa kamar yadda sanda ta koya masa. Ba sauri, ba birki kwatsam, duk inda aka tsayar da mu sai ya kashe inji. Muka bi hanyoyin ƙasa, muka kauce wa kwalta. Ba wanda ya ce masa ya taka, ni ma ban ce ba.

Da muka isa gidan gwaggo, tun kafin a sauke Inna, Yaya ya zagaya baya ya tsoma sanda. Ya zaro ta a jiƙe, sama da tsagar ƙarshe da kyau. Ya miƙo mini ita. Ya ce, "Dubi. Da man nan ya kawo Baba, har da buzunsa."

Ya so ya juya a take. Man da ya rage ba zai kai shi ko rabin hanya ba, kuma hanyar ta rufe a bayanmu. Ya yi yawon neman banzin har takalminsa ya tsinke, bai samu ba. Bayan wani lokaci wani maƙwabcinmu ya iso da labari. Baba ya cika alkawari, ya taso a ƙafa da sandar dogarawa da buta. A wani ƙauye a bakin tur'a ƙarfinsa ya ƙare, mutanen wurin suka yi jinyarsa, suka yi masa sutura. Sun ce duk wanda ya tambaye shi ina za shi, sai ya ce yana bin ɗansa ne, ya faɗi sunan Yaya a fili.

Har yau ina jin haushin su biyun, ina kuma tausayinsu, zuciyata ta kasa zaɓar ɗaya. Boksi na nan a bayan gidan gwaggo, kaji na kwana a ƙarƙashinta. Yaya ya koma yankan riɗi a manyan gonaki, ya ƙi sake riƙe sitiyari, ya kuma hana a taɓa gangar.

Rannan na fito zan ɗebo ruwa, na tarar da shi a bayan motar da sanda a hannu. Ya ce, "Ƙanwata, kullum raguwa yake yi, rana na shanye shi. Kuma bai kai kowa ko'ina ba."

Na ajiye tulun, na zauna kusa da shi a ƙasa, muka yi kukanmu.