Fitilar da Ke Jin Tsaki

Shekara talatin da ɗaya Babakura ya yi a kan injin niƙa a unguwar Lamisula. Gero, masara, wake, babu abin da bai bi ta hannunsa ba, rabin matan unguwar ma ba su taɓa ganin fuskarsa babu gari ba. Injin ya ciyar da gidansa, ya kai 'ya'yansa makaranta, sannan ya cinye masa kunnuwa. Na dama ya mutu murus, na hagu kuwa sai an matso an ɗaga murya.

Da ya ajiye aikin bai yi kewar hirar mutane ba, don a ganinsa yawancinta surutu ne. Kiɗan ganga yake kewa, wanda a da yakan kunna a rediyo bayan la'asar ya miƙe ƙafa. Wata rana ya je unguwar Moduganari sayen batir, sai ya ga wata igiyar ƙananan fitilu tana rawa a shagon Hope, 'yar kudancin Borno mai sayar da kayan lantarki. Ta sunkuyo ta kunnensa na hagu ta ce, "Baba, sauti take ji. In an yi kiɗa, ita ma sai ta yi."

Da ta ce ga haɗaɗɗiya, sai ya ƙi. Mutumin da ya sha kwance inji ya mayar, a ba shi abin wasa a kwali? Ya ce a ba shi kayan a warwatse. Ta ba shi ɗan allo mai makirufo, da igiya biyu, shuɗiya da ja, ta nuna masa yadda ake narka dalma a kan waya. Sati biyu yana ƙona yatsu, ya juya waya ya kashe allo ɗaya, matarsa Fanna tana ƙorafin warin dalma ya kore mata ƙamshin turaren wuta. A ƙarshe dai abu ya tashi. Shuɗiyar tana bin sauti mai kauri, jar kuma sauti mai kaifi. Ranar da ya ga ganga tana bugawa a bangon falonsa, dattijon nan sai da ya share hawaye.

Sai dai akwai matsala. Duk ranar da ƙaninsa Sa'id ya zo gaisuwa, jar takan haske tun daga farko har ƙarshe, ta daɗe, ko da rediyo a kashe yake. Sa'id kuwa mutum ne mai ladabi a ido. Tun daga ƙofa yake tuɓe takalmi, ya durƙusa, ya gaishe shi da yarensu, ya ce, "Wushe, Ya Babakura," kansa a sunkuye. Tun da kunnen wansa ya tafi, shi ne bakin gidan a gaban baƙi, kuma kowa ya san shi ne zai zama waliyyin Rumaisa'u, autar Babakura, da za a ɗaura wa aure bayan Sallah.

Babakura ya naɗe kayansa ya hau keke napep ya koma wurin Hope, ya ce jar ta lalace. Ta tafa, ta yi fito, ta buga tebur, ta ce lafiyarta ƙalau. Ana cikin haka wani ya taya mata caja da farashin raini ya wuce. Hope ta bi shi da harara, ta ja dogon tsaki. Jar ta haske daga farko har ƙarshe. Babakura yana kallon bakinta a lokacin.

Ya naɗe igiyarsa. A cikin keke ya riƙa lissafin zuwan Sa'id, da sunkuyar da kan nan da yake ɗauka tarbiyya ce. Ashe ɓoye baki ake yi. Shekara nawa ke nan? Kuma a gaban Fanna, a gaban 'ya'yansa, a gaban baƙi masu kunne lafiyayye. Zuciyarsa ta yi baƙi ƙirin, ya rantse ba zai yafe ba, kuma ba zai yi faɗa a ɓoye ba.

Ya jira har ranar da dangi suka taru bayan la'asar don tsayar da maganar auren. Dattawa shida suka zauna a kan darduma, Fanna da Rumaisa'u suna daga ƙofar ɗaki. Igiyoyin suna bango, kowa ya ɗauka ado ne. Babakura ya ce yau shi zai yi magana da kansa, ya kama labarin yadda ya sayi injinsa na farko, ya ja shi da gangan, ya koma baya ya maimaita, da muryar nan tasa ta wanda ba ya jin kansa. Sa'id yana gefe, kai a ƙasa. Jar ta haske. Babakura ya lanƙwasa yatsa ɗaya ya ci gaba. Ta sake. Da ta yi na uku sai ya tsaya.

"Sau uku, Sa'id."

"Na'am, Yaya?"

Babakura ya nuna bango, ya tattara leɓe, ya ja tsakin da shi kansa bai ji ba. Bango ya yi ja wur. Falon ya yi tsit, har shuɗiyar ta mutu.

"Ni kurma ne," in ji shi. "Ku fa? Duk kun ji, yau da kullum, kuka bar ni ina sa masa albarka." Dattawa suka shiga gyaran hula. Ya juya ga ɗan baffansu. "Mahmud, kai za ka ba da 'yata. Wannan ya zo ɗaurin aure ya zauna a waje da maƙwabta."

Sa'id ya fara rantsuwa cewa nama ne ya maƙale masa a haƙori. Ba wanda ya taya shi. Ya tashi ya fita, har ya sa takalmi a juye. Dattawan suka yi addu'a a gurguje suka bi bayansa ɗaya bayan ɗaya.

Daɗi ya cika Babakura har wuya, kuma bai ji kunyar jin daɗin ba. Ya jingina da bango ya ce a kawo masa shayi. Fanna da Rumaisa'u suka shigo suna kwashe kofuna, kowacce kanta a sunkuye. Yana kai kofi baki, jar ta haske daga farko har ƙarshe.

Ya dubi matarsa, ya dubi 'yarsa. Ba wadda ta ɗago. Babakura ya ajiye shayin, ya laluɓo ƙaramin sukudireba a aljihu, ya ƙara wa makirufon kaifin ji.