Jakar Malama da Shafuka Arba'in

Aji uku na makarantar firamaren da ke bayan tashar mota ɗaki ne mai taga biyu, ɗaya ba ta rufuwa. Yara hamsin da huɗu ke zama a cikinsa a kan benci goma sha takwas. Shekara tara mace ɗaya ce ke koya musu Turanci, wadda yara da iyayensu ke kira Malama Jaka, saboda tsohuwar jakar matafiya da take shigowa da ita kullum da safe. Zif ɗin jakar ya daɗe da lalacewa, da igiyar shanya take ɗaure ta.

Na ga abin da ke cikin jakar. Akwai cokali, mataji, kofin roba, takalmin jariri ƙafa ɗaya, mabuɗai bakwai da ba su buɗe komai, ƙwan fitila da ya ƙone, da agogon bango da ya tsaya a kan ƙarfe huɗu. Rabin kayan daga ɗakinta suka fito, sauran daga garejin mijinta, wanda makaniki ne. Shi ya ce mini, "Duk abin da na nema a gidan nan na rasa, ba na wahalar da kaina. Na san yana aji uku yana koyon Turanci."

Malama ba ta fara darasi da allo. Cokali za ta ɗaga, ta faɗi sunansa da Turanci, ta miƙa wa yaron da ke gaba, ta ce masa da Turanci ya kai wa yarinyar da ke bakin taga. Idan ya kai wa na bakin ƙofa, aji ya yi dariya, ita ma ta yi, ta sake faɗa a hankali har ya gane. A makonnin farko tana taimakonsu da Hausa, sai ta riƙa janye ta kaɗan-kaɗan kamar mai yaye ɗa. Kafin zango na biyu ya yi nisa, teburinta ya zama shago. Yara su yi layi, wannan ya saya, wancan ya sayar, a yi ciniki, a ce ya yi tsada, a yi fushi a tafi, a kira mutum ya dawo, duk da Turanci. Rubutu sai a minti goma na ƙarshe, kuma ba sa rubuta komai sai abin da bakinsu ya faɗa a ranar. Layi uku ne, ko huɗu.

Na tambaye ta inda ta samo wannan hanya. Ta ce ba a kwaleji ba ne. Shekarar da ta gama sakandare da sakamako mai kyau a Turanci, ta kai mahaifiyarta asibiti. Likitan baƙo ne, ba ya jin Hausa. Ya tambaye ta inda ke yi wa tsohuwar ciwo, kuma tun yaushe.

"Na san ma'anar suna, na san ma'anar aikatau, zan iya rero maka su kamar waƙa," in ji ta. "Amma bakina ya ƙi buɗuwa. Inna tana kallona, tana jira 'yarta mai boko ta yi magana. Sai wata mai shara ta jingine tsintsiyarta ta zo ta yi mana tafinta. Matar nan ba ta taɓa riƙe biro ba. Shekara shida kawai ta yi tana jin likitoci."

A bara ofishin ilimi ya aiko wa makarantu da sabon fom. Ya ce kowane littafin rubutun ɗalibi ya kai shafi arba'in a zango, a kowane darasi, da kwanan wata da sa hannun malami da jan biro. Aka sanar cewa sufeto zai zo ranar Alhamis. Ranar Litinin hedimasta ya aika aka kira Malama ofishinsa.

"Zauna, Malama. Shafi nawa yaranki suka cika?"

"Sha ɗaya, ranka ya daɗe. Masu manyan baƙi sun kai sha uku."

"Arba'in ake nema."

"Na ga takardar."

"To kin gani. Ki ari littafin malamin aji huɗu. Na ɗage wa yaranki lissafi da motsa jiki na kwana uku. Ki cika allo, su kwafa, ki goge, ki sake cikawa. Kwanan wata kuma ki mayar da shi baya. Kowa ya gama nasa tun makon jiya, ke kaɗai kika rage."

"Su kwafi me, ranka ya daɗe? Abin da kunnensu bai taɓa ji ba?"

"Su kwafi baƙi a kan fari. Sufeto ba kunne yake kawowa ba. Yatsa yake kawowa, ya lasa ya ƙirga."

Ta ce ba za ta yi ba. Ta ce 'yan shekara takwas ne, idan suka yi kwana uku suna kwafa daga safe har tashi, hannuwansu za su kumbura, kuma su da kansu za su san ƙarya aka sa su rubuta. Ta roƙi abu ɗaya, a ce wa sufeto ya ba ta minti goma ya ji yaran.

Hedimasta ba mugu ba ne. Saura masa shekara biyu ya yi ritaya, kuma ya san idan aji ɗaya ya faɗi, sunan makarantar ne zai hau takarda. Ya ce mata, "Ƙanwata, ni na gaya miki gaskiya. Idan aka rubuta ki, ba zan iya riƙe miki ajin nan ba." Ta ce ta ji.

Sufeto ya iso ƙarfe sha ɗaya, yana da sauran makarantu huɗu a ranar. Malama ta riga ta shimfiɗa shagonta a kan tebur. Da ya shigo yara suka miƙe suka gaishe shi. Wata yarinya, 'yar mai walda, ta ɗauki agogon nan ta matso, ta tambaye shi da Turanci ko zai saya, ta ƙara da cewa ba ya aiki, shi ya sa za ta yi masa ragi. Babu wanda ya haddace mata wannan. A nan take ta haɗa shi.

Sufeto ya ce a zauna. Ya dubi teburin ya ce, "Malama, nan aji ne ko kasuwar gwanjo?" Ya bi benci ya zari littattafai biyar, ya tsaya a bakin tagar da ba ta rufuwa ya ƙirga. Sha ɗaya, sha biyu, sha ɗaya, tara, sha uku. Malama ta ce, "Yallaɓai, ka tambaye su abin da ka ga dama." Ya ce ba ya cikin aikinsa. Minti bakwai ya yi a ajin.

Na riƙe fom ɗin a hannuna. Gida huɗu ne a cikinsa: yawan shafi, kwanan wata, jan biro, tsabtar littafi. Babu inda za a rubuta cewa yaro ya buɗe baki ya yi magana, a darasin da aka ce na harshe ne. A ƙasan takardar, a wurin ƙarin bayani, sufeto ya rubuta cewa malamar ba ta koyarwa. Aji huɗu, waɗanda suka yi kwana biyar suna kwafar abin da malaminsu ya kwafo daga wani littafi, sun sami maki mafi girma a makarantar, har aka yi wa malaminsu tafi a taron malamai.

Daga baya na sami sufeton a ofishinsu. Bai yi musu ba. Ya ce, "Magana iska ce. Idan na koma na ce yara sun iya, shugabana zai ce in nuna masa. Shafi ake nunawa." Na tambaye shi ko ya san yadda aka cika littattafan aji huɗu. Ya ce shi abin da ya gani yake rubutawa. Ya sani, hedimasta ya sani, wanda ya tsara fom ɗin ma da wuya a ce bai sani ba. A duk makarantar mutum ɗaya ce ta ƙi yin ƙarya, kuma ita kaɗai aka rubuta.

Iyaye ma ba bakinsu ɗaya ba. Mai waldan nan, uban yarinyar da ta yi cinikin agogo, yana cikin waɗanda suka taɓa kai ƙorafi. Ya ce mini, "Na sayi littafi mai kauri, zango ya ƙare yana nan fari fat. Ɗan maƙwabcina kuwa ya cika biyu." Na tambaye shi ko ya taɓa jin 'yarsa tana Turanci. Ya ce tana yi da ƙannenta, amma shi ba ya ji, yaya zai san daidai ne? Ban ga laifinsa ba. Shi ma shafi kawai yake iya dubawa.

Da aka dawo hutu aka cire Malama daga aji uku, aka ba ta mabuɗin sito. Malamar da ta yi shekara tara tana buɗe bakin yara ta koma raba alli da tsintsiya. Siton bango ɗaya ya raba shi da ajin. Ta ce abin da ya fi damunta shi ne shirun. Minti arba'in ba ta jin komai sai ƙarar alli da tari.

Zango guda ta yi a can. Sai aka yi wa malamin da ya karɓi ajin canjin wurin aiki, babu wanda zai maye gurbinsa. Hedimasta ya sake kiranta. Ya ce za ta iya komawa, da sharaɗi biyu: shafi arba'in, kuma jaka ta zauna a gida.

Ta yi kwana uku tana juya maganar. Mijinta ya ce ta ƙi, ai ba da hannunsu take ci ba. Ta ce masa, "Baban yara, kai idan an hana ka sifana za ka bar mota a titi?" Ya ce shi zai bar ta. Ta ce to ita ba za ta iya ba. A rana ta huɗu ta mayar da mabuɗin sito.

Na shiga ajin a makon jiya. Rubutunta a allo yana da kyau, layi a miƙe, hedimasta har yakan kawo sababbin malamai su gani. Ta cika allon sau uku a darasi ɗaya, ta bi benci da jan biro tana sa hannu. Saura minti biyar a kaɗa ƙararrawa ta ajiye allin, ta cire takalminta ƙafa ɗaya ta ɗaga sama, ta tambaye su da Turanci mene ne wannan. Yara shida suka amsa. Aka kaɗa ƙararrawa.

Sun kai shafi talatin da ɗaya, kuma za su cika arba'in kafin sufeto ya dawo. Da muka fito tana kakkaɓe farar ƙura daga hannunta, na tambaye ta sunan wani yaro da ke benci na ƙarshe, wanda na ga bai ɗaga kai ba tun da na shiga. Ta juya ta leƙa ta taga, ta daɗe tana kallonsa.

"Ban sani ba," in ji ta. "Wata biyu ke nan na juya musu baya."