Shekara tara da allurar da ba a yi wa Yaya Lawal ba

A wannan kaka Yaya Lawal ya cika shekara tara da rasuwa. Yayana ne uwa ɗaya uba ɗaya, manomin dawa da masara a gefen Bakori, mutumin da bai taɓa tsallaka iyaka ba sai shekarar da ya tafi Umara.

Da tafiya ta matso, aka ce sai ya kawo katin rigakafin sanƙarau. Bai yi shawara da kowa ba, ya nufi wajen Malam Hadi, abokinsa tun firamare, wanda ke aiki a wani ƙaramin asibitin kuɗi a Funtuwa. Ya dawo yana nuna mana damtsensa, yana yabon hannun Hadi, wai ko zafin allura bai ji ba.

Ya yi ibadarsa ya dawo. Kwana uku da saukarsa zazzaɓi ya rufe shi, kai kamar zai rabe. Muka kai shi asibiti a Malumfashi. Likita ya karɓi katin ya ga hatimi, ya fara neman ciwon ta wani wuri. Kafin wuya ya sanƙare a gane gaskiya, lokaci ya ƙure.

Mun karɓi ƙaddara. Amma bayan sadakar bakwai Malam Hadi ya ja ni bayan rumbu, ya faɗa mini abin da har yau yake ci mini rai. Maganin rigakafin ya ƙare musu a makon nan, jirgi kuma saura kwana huɗu, shi ne ya yi wa Yaya allurar ƙarin jini, ya buga hatimi.

Ya ce, "Wallahi Bala, sauƙi na so in yi masa."

Na ce, "Da ka faɗa masa, da Kano zai tafi ya nemo."

Ban kai shi ƙara ba, don Inna ta hana. Muna haɗuwa a jana'iza da ɗaurin aure, mu gaisa, amma ban ƙara zama tabarma ɗaya da shi ba.

Bana Hauwa, babbar 'yar Yaya, ta samu karatu a ƙasar waje. Ni na raka ta rigakafi. Na sa ma'aikaciyar ta nuna mini kwalbar, na karanta sunan maganin da ranar lalacewarsa, aka zuƙa a gabana. Ba ta ji haushi ba, ta ce da kowa haka yake yi da sun huta. A layin kuwa wani Alhaji yana tambaya a hankali ko za a ba shi kati kawai, sauri yake yi. Na juya na ba shi labarin Yaya. Sai ya naɗe hannun riga.

Nakan tambayi kaina me Yaya zai ce da ya ga yadda na koma. Shi da yake ba da rancen taki da iri da baki kawai, ƙila ya ce na cika zargi. Ƙila ma ya yafe wa Hadi tun kafin ya roƙa. Halinsa ke nan. Ni na kasa.

Gonarsa na nan, 'ya'yansa sun tashi, mutane na ambatonsa da alheri. Abin da ban iya riƙewa ba daga gadonsa shi ne yarda da mutane. Allah Ya jiƙan Yaya Lawal, Ya sassauta mini zuciya kafin in tarar da shi.