Hannun Hagun Inna

Har in koma ga Mahaliccina ba na jin zan manta ranar da na tsuguna gaban kakata Inna ina neman izinin tafiya ƙasar waje karatu. Mahaifina ya riga ya zame, ya ce sai abin da Inna ta ce. Ita kuwa ta kafe, babu inda zan je.

Na same ta a tsakar gida, a ƙauyenmu na gefen Makoda, tana ɓarar gyaɗa. Ko kallona ba ta yi ba ta ce, "To maigida, tuwona ya gundure ka ke nan? Me za ka je yi can wanda ba a yi a Kano?"

Ni da na sha boko a fannin sinadarai, sai ga ni ina inda-inda. Can dai na buɗe mata tafukana biyu.

"Inna, akwai magungunan da in an haɗa su sai su fito iri biyu, kamar hannun dama da na hagu. Ɗaya ne ke warkarwa, ɗayan wani lokacin ma cutarwa yake. To mu sai mu ɗauki ɗan ƙarfe mai suna rodiyam, mu yi masa shinge da wani sinadari, yadda iskar haidurojin ba ta da mashiga sai ta gefe guda. Sai maganin ya fito duk iri mai amfanin. Ƙera shingen nan zan je koyo."

Ta ce, "Dukansa kuke yi har ya bi?"

Na yi dariya. "A'a Inna, hanya kawai muke gyara masa, da kansa yake bi."

Sai ta saki gyaɗar, ta tsura wa hannunta na hagu ido. Ashe bahaguwa aka haife ta, ban taɓa sani ba. Ta ce da tsumma aka riƙa ɗaure mata shi in za a ci abinci, in ta kwance a zane ta. Wallahi tausayinta ya kama ni har na kasa ɗaga kai.

Ta share ido da gefen zane ta ce, "Ina ma a zamaninmu an san wannan dabara. Tashi ka tafi, ja'iri, Allah ya yi maka albarka."

Inna ta rasu kafin in dawo. Yau ni ma ina da 'ya'ya da ɗalibai, kuma daga wurinta na gane cewa in kana son mutum ya bi hanya, gyara masa ita ake yi, ba ɗaure masa hannu ba.